Kofin Tangaran na Kanar Holcroft

Cikin alhini mai nauyi, da zukatan da suka rasa wurin zama tun da labarin ya iso, Ƙungiyar Taimakon Juna da Jana'iza ta Majami'ar Baitanya, wadda ke bakin Kogin Kombahi a jihar Karolina ta Kudu, ta sami labarin rasuwar Mai Girma Kanar Septimus Holcroft, babban lauya, mai gandun shinkafa na Tidemarsh, tsohon wakilin wannan gunduma a majalisar dokokin jiha, wanda Ubangiji ya kira da safiyar Talata a gidansa na birnin Charleston bayan doguwar jinya ta ciwon ƙirji. Ƙungiya, a madadin Fasto da dattawan majami'a da dukan 'yan'uwa maza da mata waɗanda aka binne cibiyarsu a ƙasar gandunsa, tana miƙa ta'aziyya ga uwargidansa, Mai Daraja Madam Cordelia Holcroft, da ɗansa kuma magajinsa, Mista Everard Holcroft, da 'ya'yansa mata da surukai da jikoki, da abokan aikinsa lauyoyi da alƙalai, da duk wanda wannan rashi ya taɓa.

Tare da labarin rasuwar, saƙon Mista Everard ya iso mana cewa za a kawo gawar a jirgin ƙasa ranar Asabar, kuma iyali suna roƙon matuƙanmu su ɗauke ta a babban kwalekwalen ƙungiya daga mashigi zuwa tsibirin da gidan Holcroft ke binne mamatansu, ana tuƙi ana waƙa, kamar yadda iyayenmu suka yi wa mahaifin marigayin, kakanninmu kuma suka yi wa kakansa. Ƙungiya ta zauna a kan wannan roƙo, ta kuma yanke shawara. Amma da yake za a karanta wannan sanarwa a jarida, a gaban mutanen da ba su san abin da ke tsakaninmu da marigayin ba, dattawa sun ga ya dace a fara ba shi haƙƙinsa, a faɗi rayuwarsa yadda muka gan ta da idonmu, sannan a ba da amsa.

An haifi marigayin a babban gidan Tidemarsh a shekarar da ambaliya ta ci rabin shinkafa, mahaifiyarsa kuwa zazzaɓin fadama ya ɗauke ta tun ba a yi masa baftisma ba. Aka ɗauko jaririn aka ɗora a cinyar wata baiwa mai goyo, Inna Tenah, aka ce ta ba shi nonon dama, nata ɗan ya yi haƙuri da na hagu. Mai sa hannu a wannan sanarwa shi ne ɗan da ya yi haƙuri da na hagun, saboda haka abin da zai faɗa a nan ba a kasuwa ya ji shi ba. Da yaron ya fara cin abinci, akwai wani kofin tangaran mai shuɗin baki, na mahaifiyarsa, wanda ba ya yarda ya sha komai sai a cikinsa, kuma sai daga hannun Inna Tenah. In wani ya miƙa masa, sai ya ture. Ya girma, ya tafi jihohin arewa karatun shari'a, ya dawo da gashin baki da manyan kalmomin da ko alƙali sai ya nemi a maimaita masa, amma duk ranar da ya sauka gandu, kafin ya cire takalmi sai ya leƙa ɗakin girki ya ce, "Inna, ina kofina?"

Ba za mu rage masa komai daga abin da Allah ya ba shi ba. Lauya ne wanda in ya miƙe a kotu har masu sayar da gyaɗa a bakin ƙofa sukan yi shiru. Bayan an yi 'yanci, da aka kama ɗan'uwanmu Cuffee Grant da zargin satar alade, Kanar ne ya tsaya masa ba tare da karɓar lada ba, ya yi ta juya mai ƙara da tambayoyi har bawan Allah ya rantse cewa shi kansa bai tabbata ko ya taɓa mallakar alade ba. Cuffee, wanda yanzu furfura ta rufe shi har ya zama dattijon majami'a, ya roƙa kada a rubuta abin da ya sami aladen, kuma ba za a rubuta ba. Manomi ne kuma da ya san ruwa: ya san lokacin buɗe ƙofar madatsa a shigar da ruwan kogi gona, ya san lokacin rufewa, kuma a shekarar babbar guguwa ya tsaya cikin laka har gwiwa tare da mu ana toshe madatsa, rigarsa ta birni a jikinsa. A zamanin bauta mu dukiyarsa ne, ba mu manta ba. Bai taɓa sayar da uwa ya bar ɗa ba, wanda a wancan zamanin shi ake kira kirki, kuma da wannan ma'auni muke kiransa mutumin kirki. Ya tafi yaƙin basasa don mu ci gaba da zama dukiyarsa, ya dawo da muƙamin Kanar da ɗingishi a ƙafar hagu, ya tarar mun zama 'yantattu, ya kira mu muka yi yarjejeniyar noma, ya kuma biya mu a kan lokaci.

'Yan shekaru bayan yaƙin Inna Tenah ta rasu. Maƙabartarmu tana kan tudun da ke bakin kogi, a cikin ƙasar Tidemarsh, inda kakannin da aka kawo ta teku suka zaɓa wa kansu, fuskoki gabas, kusa da ruwa. Kowa a nan ya san ba a rufe kabari a juya haka kawai. Ana fasa abin da mamaci ya fi so ko ya yi amfani da shi na ƙarshe, kwano ne ko fitila ko tulu, a ɗora a kai tare da farar katantanwa, don ya kwanta da abinsa, kada ya tashi yana bin gidaje yana nema. Kowa kuma ya san maganar da aka yi a bakin buɗaɗɗen kabari mamaci ne shaidarta, ba a warware ta. Marigayin ya san wannan kamar yadda muka sani, domin a baya ɗaya aka goya mu.

Ranar jana'izar Inna Tenah ya zo a kan doki, ya sauka yana ɗingishi, ya cire hula, ya ratso cikinmu har bakin rami. Ya sa hannu a aljihun kwat ɗinsa ya fito da kofin nan mai shuɗin baki, ya buga shi a bakin shebur, ya durƙusa ya jera gutsattsarin da hannunsa. Sannan ya ɗaga murya yadda na baya za su ji ya ce, "Inna, ga kofinmu. Muddin kogin nan yana gudu, babu shebur ɗin da zai taɓa tudun nan sai na masu binne nasu. Na ba ku shi, ku da 'ya'yanku da 'ya'yan 'ya'yanku." Yana faɗa yana kuka. Mun ga hawayen, kuma har yau babu wanda ya ce na ƙarya ne.

A hanyar komawa gida, 'yar'uwarmu Hagar Simmons, wadda bakinta bai taɓa sanin ranar hutu ba, ta ce, "To, ai mutumin lauya ne, alƙalami na aljihunsa. Ku ce ya rubuta mana, tun hawayen bai bushe ba." Baba Quash, shugaban ƙungiya na lokacin, ya juyo da sandarsa ya ce, "Ke Hagar, ki ji tsoron Allah! Mutum ya fasa kofin uwarsa a kan kabari, ke kina neman takarda? So kike mu kira shi maƙaryaci a idonsa?" Ta ce, "Ni dai na faɗa, Baba." Aka yi mata dariya har gida, kuma shekara da shekaru yara da manya suna kiranta Hagar Takarda. A wurinmu, neman rubutu a kan abin da aka rantse a gaban mamaci zagi ne, kuma ba mu ga dalilin zagin mutumin da ya yi mana alheri ba.

Da marigayin ya nemi kujerar majalisa, ya zo harabar majami'armu bayan sujada ya tsaya a ƙarƙashin itace ya roƙi ƙuri'unmu. Muka ba shi. 'Yan'uwanmu na ƙetaren kogi suka ce mu masu lasar kwanon maigida ne, matansu suka daina sayen ƙwanmu a kasuwar Asabar, aka fasa aure biyu ko uku a kan maganar, amma muka toshe kunne, muka cika kwalekwale muka je rumfar zaɓe muna waƙa. Mun ce mutumin da ya ba mu makwancin iyayenmu ya cancanci kujera. Ya je majalisa, ya yi suna da iya magana, ya samo wa gunduma gada a kan rafi da rufin makarantar 'ya'yanmu, kuma duk wannan yana nan tsaye, mai so ya zo ya gani.

Sai farashin shinkafa ya faɗi, sai kuma aka gano cewa a ƙarƙashin ƙasar bakin kogin akwai dutsen da ake niƙawa a yi taki, mafi kyawunsa kuwa yana ƙarƙashin tudunmu. Bara da rani muka ga baƙin mutane da sarƙar awo suna tsallake kaburbura. Muka je wurin Kanar, ya karɓe mu a barandarsa, ya sa aka kawo mana ruwan sanyi, ya dafa kafaɗata, ni mai sa hannu a wannan sanarwa, ya ce, "Primus, kwantar da hankalinka, awo ne kawai." Ba a jima ba muka wayi gari da turaku masu jan ƙyalle a tsakanin kaburbura, ɗaya daf da kan Inna Tenah. Ashe ya riga ya sayar wa wani kamfanin haƙar dutse dukan bakin kogin, har da tudun, tun kafin ya ba mu ruwan sanyin.

Muka haɗa abin da muke da shi muka ɗauki wani matashin lauya, muka kai ƙara. Ranar shari'a muka shiga kotu da tufafinmu na Lahadi, muna cewa ko ba komai Kanar zai ba da shaida, domin yana wurin. Yana wurin kuwa: yana zaune a teburin kamfani, shi ne lauyansu. Ya kira ni a matsayin mai shaida, ya tsaya a gabana, ya ce, "Mista Chisolm, kana da takardar da ta nuna an ba ku wannan fili?" Tun da aka haife mu bai taɓa ce mini Mista ba sai ranar. Na ce, "Septimus, ai kana wurin. Kai ka fasa kofin." Alƙali ya buga tebur ya ce in san da wa nake magana. Kanar bai dube ni ba, ya juya wajen alƙali ya ce, "Ya mai shari'a, abin da mutum ya faɗa cikin baƙin ciki a wurin jana'iza, doka ba ta san shi ba."

Ƙungiya tana so duk mai karanta wannan sanarwa ya lura cewa bai ce bai faɗa ba. Da ya musanta, da mun ce tsufa ne da mantuwa, mu yafe masa a nan take. Ya tuna komai, kuma tun ranar da ya durƙusa a bakin ramin, shi kaɗai ne a cikin taron ya san cewa maganar da babu rubutu iska ce a gaban alƙali. Aikinsa ke nan, shi ya je arewa ya karanto. Ya san mun ɗauki rantsuwarsa da nauyin da ya fi na hatimin gwamna, ya san ba za mu nemi takarda ba don kada mu ci masa fuska, ya bar mu a haka shekara da shekaru, ya ci ƙuri'unmu a kai. Wannan cin amana ne, kuma ba mu da wani suna mai taushi da za mu ba shi don ya mutu. Hagar tana zaune a bencin baya ranar. Duk mun jira ta ce ai ta faɗa mana, sai kawai ta tashi ta bi mu muka fita, kuma daga ranar babu wanda ya ƙara kiranta da sunan tsokanar nan.

Kotu ta ba kamfani gaskiya, ta ba mu wa'adi mu kwashe mamatanmu, wa'adin kuwa yana cika ranar Litinin mai zuwa, lokacin da masu haƙa za su hau tudun da sheburansu. Tun da aka yanke hukuncin muke tono. Kaburburanmu ba su da duwatsu masu suna, sai fasassun kwanonin nan, don haka tsofaffin matanmu ke tafiya gaba suna dubawa suna cewa wannan fitilar Affy ce, wancan tulun Kawu July ne, mu kuma muna bin su da shebur da akwatunan katako. Baba Quash, wanda ya tsawata wa Hagar don kare mutuncin Kanar, yana cikin waɗanda muka tono makon jiya. Muna kwashe su a babban kwalekwale zuwa wani fili da muka saya can cikin daji, nesa da ruwan da suka so su kwanta kusa da shi, takardarsa kuwa tana hannun Hagar. Har yanzu akwai saura da yawa a tudun, kuma duk wanda Litinin ta tarar a ƙasa, za a niƙa shi tare da dutse a watsa a gonar auduga.

A zaman da muka yi kan roƙon Mista Everard, Fasto ya tunatar da mu gafara, muka ce mun ji. Cuffee ya ce, "Jama'a, mutumin nan ya taɓa fitar da ni daga ɗaurin gwamnati, ni dai ba zan iya cewa a'a da bakina ba." Hagar ta ce, "A kai shi mana! A bi da shi ta gaban tudun a hankali, a buɗe masa akwati ya ga aikinsa." Fasto ya ce ta zauna, ta zauna. Daga nan wani daga cikin matuƙa ya tambaya, in an ba da kwalekwale ranar Asabar, uwar wa za a bari a tudun? A nan zaman ya ƙare.

Saboda haka, cikin dukan ladabi da girmamawa, Ƙungiya tana sanar da Mai Daraja Madam Cordelia da Mista Everard cewa ba za ta iya ba da kwalekwale ko matuƙa ko waƙa ranar Asabar ba. Kwalekwalen a cike yake, hannayen matuƙan kuma suna da aikin da marigayin da kansa ya ba su. Muna ba iyali shawara su ɗauki hayar masu jirgin ruwa daga gari, su tashi daga mashigi lokacin da ruwa ke kawowa, su riƙe hannun dama bayan lanƙwasar kogin, domin jirgin kamfani yana ɗaure a hagu. Hanyar tsibirin ta gaban tudunmu take bi, babu wata, kuma Madam tana iya kau da kai in ta ga dama. In jirgin ya zo wucewa za mu kafa shebura a ƙasa, mu cire huluna har ya ɓace, domin Inna Tenah ta koya mana ladabi, mu duka biyu.

Muna roƙon Ubangiji Allah, Uban marayu da gwauraye, ya ba Madam Cordelia haƙuri da ƙarfin zuciya, ya riƙe Mista Everard da 'yan'uwansa mata a wannan rashi, ya sa albarka a jikokin da ba su da hannu a komai. Game da marigayin kuwa, ya tafi gaban Alƙalin da ba ya tambayar takarda, kuma muna roƙo da gaske a yi masa jinƙai a can fiye da wanda muka samu a nan.

Abu ɗaya ya rage. Jiya da hantsi muka ɗaga Inna Tenah, muka tarar da gutsattsarin kofin a inda ya jera su, shuɗin bakin bai dushe ba. Dattawa sun ce kofin ba zai bi ta sabon makwanci ba, tunda maganar da aka ɗora a kansa ta warware. Mun wanke su, mun ƙunshe a farin ƙyalle, Cuffee Grant zai miƙa wa Mista Everard a mashigi ranar Asabar. Muna roƙon iyali, ko da ba al'adarsu ba ce, su ɗora su a kan kabarin Mai Girma Kanar. Nasa ne, shi ya fi so tun yana goye, kuma mun san halinsa: duk inda ya sauka sai ya tambayi kofinsa. A ba shi ya kwanta da abinsa, kada ya tashi ya zo nemansa wurin Inna. Ta gaji, kuma ba za mu faɗa wa kowa daga gidan Holcroft inda muka kwantar da ita ba.

Sa hannu,
Primus Chisolm,
Kakakin Ƙungiyar Taimakon Juna da Jana'iza ta Majami'ar Baitanya,
Shugaban matuƙan babban kwalekwale,
ɗan Inna Tenah.